Murar Aladu Da Hanyar Gida: Nasiha Ga 'Yan Tudun Wada Mazauna Birane

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya a Tudun Wada, Zariya)



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya yi magana a kan sha'anin lafiya, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai likitoci da ma'aikatan jinya, waɗanda wasunsu da hannunmu muka koya musu baƙi da wasali. Ba za mu shiga gonarsu ba. Aikin da muka saba shekara talatin da biyar shi za mu yi, wato bitar darasin da aka riga aka koyar, domin ɗalibin da ba ya bita shi jarrabawa kan zo wa ba shiri. Darasin namu na yau shi ne murar nan da aka laƙaba wa suna murar aladu, wadda ta game duniya a shekarar 2009, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan ɗan Tudun Wada mazaunin birni duk ranar da irinta ta sake ɓullowa.

A watannin Maris da Afrilu na 2009 aka fara lura da wata sabuwar mura a ƙasashen Meziko da Amurka. Masana sun ba ƙwayar da ke haddasa ta suna H1N1, kuma bincike ya nuna gauraye ce ta ƙwayoyin murar alade da ta tsuntsu da ta ɗan Adam. A ranar 11 ga Yuni na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, ba ta kuma janye wannan sanarwa ba sai ranar 10 ga Agusta, 2010. A tsakanin nan cutar ta shiga ƙasashe da yankuna fiye da 200. Mutanen da gwajin asibiti ya tabbatar ita ta kashe su kimanin 18,500 ne, amma da masu bincike suka sake ƙiyasi a 2012, sai suka ce waɗanda ta yi ajalinsu a shekararta ta farko sun kai tsakanin 151,700 da 575,400. Abu biyu a cikin wannan ƙiyasi ya kamata su tsaya mana a rai. Na ɗaya, kusan rabin mamatan a Afirka da kudu maso gabashin Asiya suke, inda gwaji ya yi ƙaranci, inda akan binne mutum a ce zazzaɓi ne ya kashe shi. Na biyu, kimanin kashi 80 cikin 100 ba su kai shekara 65 ba, wato matasa da magidanta, masu ƙarfin nema irinku. A nan Nijeriya, a watan Nuwamban 2009 hukuma ta tabbatar da ɓullarta a Legas.

Jama'a, sunan da aka ba wannan cuta ya yi mana illa ba kaɗan ba. Muna tune da wata safiya a waccan shekara, muna bakin ofishin makaranta muna yi wa iyayen yara bayani, sai wani dattijo ya katse mu ya ce, "Malam, ina ruwanmu da murar aladu, mu da ko ganin alade ba ma yi?" Jama'a suka yi dariya, taro ya watse a kan haka. Amma gaskiyar magana ita ce, ko da yake asalin ƙwayar daga alade ne, tun da ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba ta sake bukatar alade ba. Numfashinmu ya ishe ta abin hawa. Gwamnatin Masar ta ba da umarnin a yanke aladun ƙasar, wajen 300,000, a ƙarshen Afrilun 2009, tun ba a sami mutum ko guda da cutar a can ba, amma a farkon watan Yuni sai ga ta ta shigo ta filin jirgin saman Alƙahira a jikin matafiyi. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya tun a ƙarshen Afrilun 2009 ta daina amfani da wannan suna, a 2015 kuma ta fitar da ƙa'idar cewa a guji raɗa wa sabuwar cuta sunan dabba ko gari ko wata al'umma.

Wannan batu yana da nauyi a jiha irin tamu. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna da dama kiwon alade ne abincinsu, kasuwar Katsit da ke kusa da Kafancan kuwa ta shahara a ƙasar nan a wannan fatauci. Mai kiwo yana da nasa taka-tsantsan da likitocin dabbobi za su nuna masa, amma nuna masa yatsa a lokacin annoba zalunci ne, kuma sakaci ne, domin yayin da muke hangen garken wani, cutar tana shigowa ta ƙofar zaurenmu. Mun ga abin da zargin juna ya jawo wa jihar nan a baya, ba ma bukatar mura ta zama sabon dalili.

To, ta ina take shigowa? A nan ne tarihi zai taimake mu. Kakanninmu sun bar mana labarin shekarar Marisuwa, wato babbar murar 1918, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ita ma ƙwayarta dangin H1N1 ce. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas a watan Satumba na wannan shekara, daga nan ta bi layin dogo da hanyoyin fatake, kafin shekara ta ƙare ta iso Arewa. Jirgin ƙasa kuwa bai fi shekara bakwai da fara zuwa Zariya ba, domin a 1911 ya iso. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Marisuwa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, lokacin da yawan jama'ar ƙasar bai wuce miliyan 18 ba, a duniya kuma ana maganar miliyan 50. Hanyar da ta kawo gishiri da atamfa, ta fitar da gyaɗa da auduga, ita ta kawo ajalin dubban mutane.

Haka kuma a watan Fabrairun 2006, murar tsuntsaye, wato H5N1, karon farko da aka tabbatar da ita a kaji a nahiyar Afirka, a wata gona ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna. A Hajjin 2009 hukumomin Saudiyya sun shawarci tsofaffi da mata masu juna biyu da ƙananan yara da masu ciwon da ya daɗe a jiki su ɗage tafiya, kuma cikin alhazai huɗu na farko da aka ba da sanarwar murar aladu ta kashe akwai wata yarinya 'yar Nijeriya mai shekara 17. Na 2020 kuwa ba sai mun tuna wa kowa ba: korona ta sauka Legas a ƙarshen Fabrairu, kafin Maris ya ƙare an rufe Jihar Kaduna, kasuwanni da makarantu da wuraren ibada duk a garƙame.

Idan muka jera waɗannan shekaru, 1918 da 2009 da 2020, za mu ga zaren da ya ɗinke su guda ne. Annobar numfashi matafiya take bi, manyan birane take fara sauka, daga nan ta nemi hanyar ƙananan garuruwa. Tudun Wada kuwa tun kafuwarta a farkon zamanin Turawa masaukin baƙi ce, tsakanin Birni da Sabon Gari, kullum cikin shige da fice take. A jiya jirgin ƙasa ya kan kwana a hanya. A yau mutum ya karya kumallo a Legas, ya yi azahar a Abuja, ya ci tuwon dare a ɗakin mahaifiyarsa a Tudun Wada. Ku 'ya'yanmu mazauna birane, ku ne gadar da ta haɗa mu da duniya. Ta kanku alheri yake iso mana, kuɗin makaranta da na magani da buhun shinkafar azumi, kuma ta kan gadar nan dai cuta za ta biyo idan ba a tsare ta ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba mu zo mu rushe wannan ba. Sai dai mu fahimci ɗabi'ar abokiyar gabarmu. Ƙwayar mura tana fita ne cikin feshin tari da atishawa da magana, takan daɗe a iskar ɗakin da aka rufe, takan kuma maƙale a hannu da hankici da marfin ƙofa. Bayan ta shiga jiki, kwana ɗaya zuwa huɗu take yi kafin alamu su bayyana. Abin tsoron shi ne mutum yana iya yaɗa ta tun kwana guda kafin shi kansa ya ji ciwo, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, yara ƙanana ma su wuce haka. Alamunta zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da tari, da ciwon maƙogwaro, da yoyon hanci, da ciwon kai da na gaɓoɓi, da kasala mai kwantar da mutum, wasu har da amai da gudawa.

Yanzu ku dubi yadda muke karɓar ɗanmu idan ya zo hutun Salla. Tun daga zaure ake musabaha, ya shiga ɗakin tsohuwa ya zauna a gefen gadonta, a miƙo masa jaririn da aka haifa ba ya nan, a wanke hannu a kwano ɗaya, a sha fura da ludayi ɗaya, da yamma ya zaga gidajen dangi goma. Idan hunturu ne, an toshe tagogi saboda ƙura da sanyi, mutum takwas a ɗaki guda. Duk waɗannan kyawawan ɗabi'u ne da muke alfahari da su, amma a lokacin annoba kowanne ƙofa ce a buɗe.

Saboda haka nasiharmu ta farko ita ce, duk lokacin da hukumomin lafiya suka ba da sanarwar ɓullar irin wannan cuta, wanda yake jin zazzaɓi da tari ya ɗage zuwa gida, ko da suna ne, ko biki, ko ta'aziyya. Ya zauna inda yake har zazzaɓin ya sauka, ya ƙara yini da kwana guda ba tare da ya sha maganin saukar da zazzaɓi ba. Ya buga waya, ya aiko da saƙo. Mu kuma na gida wajibinmu ne mu daina gori. Kalmar nan ta "ya zama ɗan birni, ya manta da mu" ta tilasta wa mutane da yawa hawa mota da zazzaɓi a jikinsu. Kada kuma wani ya ɗauka taka-tsantsan raunin imani ne, domin tarihi ya nuna Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta sauka a can.

Ta biyu, wanda tafiya ta zame masa dole ya sa takunkumin fuska a mota, ya roƙi a sassauta gilashi iska ta riƙa shiga. Da ya sauka, kafin ya taɓa kowa, ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba daga buta, ya cuɗa sosai na kimanin daƙiƙa 20. A kwanakin farko ya gaida tsofaffi daga ɗan nesa, a tsakar gida inda iska take kaɗawa. Tari ko atishawa a yi su cikin hankici ko a lanƙwasar gwiwar hannu, a bar tofar da kaki a inda yara suke wasa.

Ta uku, mu san waɗanda cutar ta fi yi wa barazana, domin su ne za a kewaye da kariya: mata masu juna biyu da masu jego, yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman waɗanda ba su kai 2 ba, tsofaffi daga shekara 65, da masu asma, da ciwon suga, da ciwon zuciya ko ƙoda, da masu amosanin jini, wato sikila, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Babu gidan da za a rasa ɗaya daga cikin waɗannan a unguwarmu.

Idan kuma duk da haka ciwo ya shigo gida, kada a firgita, domin mafi yawan waɗanda suka kamu sukan warke cikin mako guda ko biyu. A ware wa majinyaci ɗaki, ko aƙalla gefe guda kusa da taga, da kofinsa da cokalinsa. Mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa, kuma kada ya zama mai juna biyu ko tsohuwa. A yawaita ba shi ruwa da kunu da romo, mai shayarwa ta ci gaba da ba ɗanta nono. Farasitamol ya isa saukar da zazzaɓi, amma kada a ba yaro asfirin, domin a lokacin mura yana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. 'Yan dubiya su yi haƙuri su tsaya a zaure, addu'a tana isa daga can.

A nan sai mu ja kunne a kan wata al'ada tamu. Kowane zazzaɓi a wurinmu na cizon sauro ne, kowane tari kuma sai a garzaya kemis a sayo kafso. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na digon jini bai wuce minti 20 ba, a yi shi kafin a sha magani. Magungunan antibayotik ba sa kashe ƙwayar mura, likita ne kaɗai zai san lokacin da wani ciwon ya hau kanta har a bukace su. Akwai maganin da aka yi domin ita, wanda aka fi sani da Tamiflu, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu. Wannan ya sa duk wanda yake cikin rukunin da muka lissafa bai kamata ya tsaya jira ba, ya nemi likita tun ranar farko.

Akwai alamun da idan an gan su, ko tsakar dare ne, sai asibiti: numfashi da ƙyar ko da sauri, haƙarƙarin yaro yana lotsawa idan ya ja iska, ciwon ƙirji, leɓe ya canza launi, ruɗewa ko suma, jijjiga, yaro ya ƙi nono ko ruwa, ƙarancin fitsari, ko zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo da tari mai tsanani, domin wannan kan nuna ciwo ya sauka huhu. Mu tuna kuma cewa tun 2005 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma mazauninsa na Shika. Da can da ƙafa muke isa, yanzu kuwa kowane gida ya kamata ya san motar da zai nema da kuɗin da zai riƙe tun kafin dare ya yi.

Sai batun jita-jita, wadda ita ma daga birni take zuwa mana, kuma ta fi mota sauri. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, wayoyi sun yi ta ƙara cikin dare daga 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya, ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An rasa rayuka a dalilin haka, wasu da dama sun kwanta asibiti. Iyayenku suna gaskata abin da ya fito daga bakinku, saboda ku ne kuka yi karatu. Kafin ɗayanku ya tura saƙon WhatsApp gida, ya tambayi kansa ko daga Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa ya fito, ko daga Ma'aikatar Lafiya, ko daga likitan da ya sani. Idan ba haka ba ne, ya bar shi ya mutu a wayarsa.

Ba za mu sauka ba sai mun faɗi namu laifin, mu malaman makaranta. Shekara da shekaru muna ba da kyauta ga ɗalibin da bai taɓa fashi ba, muna kuma tsare mai fashi da bulala ba tare da mun tambayi dalili ba. Wata shekara da hunturu wani yaro haziƙi ya zo aji jikinsa kamar garwashi, don kada sunansa ya fita daga jerin masu kyauta. Mun yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Kafin mako ya zagayo kusan rabin ajin suna kwance, ɗaya daga cikinsu kuma ta kai wa kakarta mai asma, wadda ta yi kwanaki a gadon asibiti kafin Allah Ya tashi kafaɗunta. Tun daga ranar muka gane cewa yaron da ya zauna gida da zazzaɓi ya yi wa makaranta hidima. Muna roƙon malamai da shugabannin ma'aikatu da masu shaguna da ke cikinku su ɗauki wannan darasi ba tare da sun biya kuɗin da muka biya ba.

Kada wani ya ce ai maganar 2009 ta wuce. Ƙwayar ba ta ɓace ba, ta shiga sahun murar da ke zagayowa kowace shekara, tana kuma cikin waɗanda allurar rigakafin mura ta shekara-shekara take karewa. A 2015 ta sake tashi a Indiya ta kashe mutum fiye da 2,000. Wanda yake da hali, musamman maniyyaci da mai ciwon da ya daɗe, ya tambayi likitansa game da wannan allura. Mu tuna kuma cewa a 2009 ƙasashe masu arziki sun fara yi wa mutanensu rigakafi tun wajen Oktoba, galibin ƙasashen Afirka kuwa sai a 2010 ta iso musu. Watannin da ke tsakani, sabulu da buɗaɗɗiyar taga da haƙurin zama wuri ɗaya su ne makamanmu.

Daga ƙarshe, muna miƙa wa shugabannin ƙungiya shawarwari huɗu. A kafa ƙaramin kwamitin lafiya daga cikin 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna, wanda zai zama bakin ƙungiya guda ɗaya a lokacin annoba. A ware wani kaso na kuɗin shekara a matsayin asusun gaggawa, domin kai marasa ƙarfi asibiti da tallafa wa mai neman na yau da ciwo ya tsare a gida, tun da ba a ce wa mai yunwa ya zauna. A samar wa makarantun firamare da na allo da masallatai da majami'un unguwa bokitai masu famfo da sabulu, a kuma naɗa wanda zai riƙa duba su. Sannan a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa shugabanni suna da ikon ɗage wannan taro namu duk shekarar da hukuma ta ba da sanarwar annoba, ba tare da an zarge su ba.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Tsofaffin da kuka bari a gida sun fi son su ji muryarku a waya bana, su ga fuskarku baɗi. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya ba Tudun Wada da ƙasar Zazzau da Nijeriya baki ɗaya lafiya da zama lafiya.